Da Abin da Ke Cikinta

Ranar Litinin ce, jajibirin kasuwar Talata Mafara, a tsakiyar bazara. Rana ta yi ja ta sunkuya bayan katanga, amma ba ta tafi da zafinta ba. Ta bar shi a jikin bango da kwanon rufi, har kaji suka hau makwancinsu baki a buɗe. Unguwar ta yi irin shirun nan da yake sauka kafin kiran sallar magariba, lokacin da uwaye suke janye yara daga bakin hanya. A gidan Malami mahauci, matarsa Shatu ta ɗora ruwan tuwo, 'yarsu Jidda kuwa tana zaune a kan turmi tana yanka kuɓewa. Jidda ce auta, ita kaɗai ta rage a gabansu, kuma ita kaɗai ce a gidan take iya sa uban ya yi dariya.

Malami ya shigo daga kwata da ransa a ɓace, kamar kullum. Bai tsaya amsa sannu da zuwa ba, ya wuce rumfar da ya kafa wa firizarsa a kusurwar gida. Firiza ce babba, fara, irin mai murfi a sama, kuma a cikinta ya ajiye naman bijimin da zai fita da shi kasuwa washegari. Da ya ɗaga murfin, sai ya tarar nama da ƙanƙara sun zama abu guda, sun manne wa ƙarfe kamar an zuba siminti. Ya ja, ya ƙi. Ya doka da bayan wuƙa, wuƙar ta yi tsalle ta kusa tsone masa ido.

"Jidda! Ɗauko min ruwan zahin nan da ke bisa wuta."

Shatu ta ɗago daga bakin murhu. "Maigida, magariba ta hwa. Ba a zuba ruwan zahi yanzu. Bari a yi salla."

"Ƙasa nic ce a zuba? Cikin hirizata nic ce. Ke, yi maza!"

Ko yaron goye a garin nan ya san ba a watsa tafasasshen ruwa sai an yi bismilla, domin ba mu kaɗai muke zaune a gidajenmu ba, kuma waɗancan ma suna da 'ya'ya masu rarrafe. Jidda ta sani. Amma tukunyar tana ƙona mata yatsu ta cikin tsumma, uban yana daka mata tsawa, sai ta ƙaraso da gudu ta juye ruwan gaba ɗaya a kusurwar hagu, bakinta a rufe.

Tururi ya turnuƙe rumfar. Daga cikin tururin wani kuka ya fito, siriri, mai kaifi, ya yi sama ya tsinke a tsakiya. Ba kukan ƙarfe ba ne. Duk wadda ta taɓa haihuwa ta san wannan kukan, shi ya sa muciya ta faɗi daga hannun Shatu. Su ukun suka tsaya cak, ba wanda ya dubi wani, har ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa.

"Injinta na," in ji Malami, ya kwashe namansa ya tafi alwala.

Sai an san wane ne Malami kafin a gane yadda firizar ta shigo gidan. Kafin ya zauna a teburin nama, ya yi shekaru yana sayen shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma can ya samo sunan da yake tinƙaho da shi: Magana-ɗaya. In ya ce ya saya, ya saya, ko da saniyar za ta faɗi a gabansa. Bai taɓa mayar da dabba ba, bai taɓa karɓar wadda aka mayar masa ba, kuma mai fasa ciniki a wurinsa ba namiji ba ne. Yana da wata al'ada ta 'yan kara: in ya taya saniya mai ciki aka sallama masa, sai ya daki gadon bayanta ya ce, "Na saya, da abin da ke cikinta," don kada ta haihu a hanya mai ita ya biyo shi da wata magana.

To, da ya ga 'yan'uwansa mahauta sun fara ajiye kwantan nama a firiza maimakon su karyar da shi da yamma, sai ya nufi shagon Imrana a bakin kasuwa. Imrana saurayi ne mai zaƙin baki, mai sayar da kayan wuta na hannu: fankoki, talabijin, injin markaɗe, firji. Ba ya tambayar inda kaya suka fito, ba ya kuma son a tambaye shi. Ya nuna wa Malami firizar, ya rantse ko sabuwa ba ta kai ta ba. Malami ya leƙa ciki. Ba komai sai warin rufaffen ɗaki, da wani ɗan tulin busasshen ganye da aka shimfiɗa tsaf a kusurwar hagu, wanda ya ɗauka aikin ɓera ne. Aka yi ciniki. Da yake akwai 'yan kallo a bakin shagon, shi kuwa mutum ne mai son a san ya zo wuri, sai ya daki murfin kamar gadon bayan saniya.

"Na saya, da abin da ke cikinta!"

"Na sallama maka, Baba, da abin da ke cikinta!" in ji Imrana.

Aka bushe da dariya, aka ɗora ta a amalanke.

Tun daga ranar bai ga daidai ba. In an kawo wuta ta yi gurnani ta ɗau sanyi ko'ina, ban da kusurwar hagu. Naman da ya kwana nan sai ya waye gari ya yi kore. Ya sayo mata na'urar daidaita wuta, ta ƙona ta. Ya tayar mata da janareta, ta shanye mai kamar raƙumi a bakin rijiya. Shatu ta ce a mayar, ya ce in ta ƙara faɗin haka ta tattara ta tafi gidansu. Daga ƙarshe ya kira mai gyara, ya ɗura mata gas, ya murɗa mata sanyi har ƙarshe. A nan ne kusurwar hagu ta ba da kai, ƙanƙara ta cinye ta. Malami ya yi ta murna, a ganinsa ya yi maganin ƙarfe mai taurin kai.

Washegarin zuba ruwan, rana na faɗuwa, jifa ta fara. Wani abu mai nauyi ya sauka a kan kwanon rufi, wani ya biyo shi, wani ya fasa tulun da ke gindin rumfa. Malami ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta da iyayen da suka haife su. Bai iske kowa a lungu ba, sai maƙwabcinsa da ya fito ya rama zagin, suka yi baram-baram, zumuncin shekaru ya tafi a magariba ɗaya. Da ya dawo ya tarar da Shatu ta tsuguna a tsakar gida da abin jifar a tafin hannunta. Ba dutse ba ne. Ƙanƙara ce, curi guda kamar dunƙulen hannu, tana narkewa tana bin yatsunta, a garin da ya yi watanni bai ga hadari ba.

Haka abin ya ci gaba duk magariba. Maƙwabta suka hana yaransu shiga gidan, mata suka daina aiko aron turmi. Malami ya zare wayar firizar daga bango, ya naɗe ta a kan murfi, amma da rana ta yi ja sai gurnanin ya tashi, ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka kamar mace na rarrashin jinjiri. Masu sayen namansa suka fara ƙorafi: an dafa, an ƙara itace, tsakiyar tsoka tana nan da sanyi. Da ya iso kwata sai hira ta mutu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya sami Jidda. Da farko sanyi ta ce tana ji. Yarinyar da ke kwana a tsakar gida saboda zafi ta koma neman bargo da rana tsaka, haƙoranta suna haɗuwa. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso mata a hannun dama, tun daga wuyan hannu har kafaɗa, irin na wanda ruwan zafi ya ƙona, alhali ko ɗigo bai taɓa ta ba. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba, aka ba ta man shafawa. Ta daina ci. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. In magariba ta kawo jiki sai ta tashi daga shimfiɗa, ta ja ƙafa zuwa rumfa, ta zauna ta jingina da firizar, ta rungume hannuwanta babu komai a ciki tana jijjigawa.

Wata magariba Malami ya je ya tsaya a kanta. Ya sassauta murya, abin da ba ya yi wa kowa sai ita.

"Jidda, tashi mu koma ɗaki, auta."

Ta ɗago. Idon nata ne, amma kallon ba nata ba ne, muryar da ta fito kuma ta tsohuwa ce, busasshiya, mai tsami.

"Maigida ke nan. Haka kake riƙon abin da kas saya?"

Ya ja da baya har ya yi karo da ginshiƙin rumfa, ya rasa ayar da zai kama.

Da safe ya tafi shagon Imrana. Ranar ma akwai 'yan zaman banza a kan benci, irin waɗanda labarin gidan kowa yake fara isa gare su. Malami ya yi sallama a taƙaice, ya ja Imrana gefe, ya tambaye shi daga ina firizar nan ta fito. Imrana ya ƙi jawuwa. Ya fi son a ji.

"Wani ƙauye na can bayan Gidan Goga, wajen Maradun. Mutane sun watse tun da ɓarayin daji sunka matsa musu. Yara na ka shiga su kwaso abin da anka bari, su kawo min. Mi ya hwaru, Baba? Ko dai Magana-ɗaya ya zo hwasawa na?"

Benci ya yi tsit, kowa ya kasa kunne. Malami ya ji jini ya hau masa kai. A gida 'yarsa tana kwance kamar tsumma, kalma ɗaya ce tsakaninsa da sauke wannan kaya, ya kuwa san haka sarai. Ya dubi fuskokin da ke jiran ya faɗi.

"Ni? Allah shi kiyaye. Tambaya niy yi."

Ya juya ya tafi ana yi masa dariya ƙasa-ƙasa. Ina faɗin wannan da takaici, don na san irinsa da yawa: mutum ya gwammace gidansa ya ƙone da a ce ya nemi ruwa a maƙwabta.

Shatu ce ta yanke abin. Shekarunsu tare ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, amma ranar ta tare ƙofar ɗaki da hijabinta a hannu.

"Ko ka tahi Bakura ka ɗauko Malam Yusuhu, ko in tahi da ƙahwata, garin ga duk shi gani. Na haihi huɗu na bizne biyu, ba ni bizne wagga sabadda kwanon sanyi."

Malami ya fito. Ya tura babur.

Malam Yusufu aminin mahaifin Shatu ne, tsoho siriri mai ƙaramar murya, wanda ya ƙare rayuwarsa a zaure yana karantar da hukunce-hukuncen salla da gado da ciniki. Ba ya yawo da layu ko turare, ba ya kuma son a kira shi mai aljanu. Suka iso ranar Talata bayan la'asar, hayaniyar kasuwa tana tasowa daga nesa. Ya gaisa da Shatu gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da zafi da mai jiki, kamar ba abin da ya kawo shi. Sannan ya sa Malami ya ba shi labari tun daga shago, ya hana shi tsallake komai. Da aka zo kan dukan murfi da abin da aka faɗa, sai tsohon ya ɗaga kai.

"Maimaita."

Malami ya maimaita, murya a ciki.

"Hiriza ka ɗauka saniya ta?" in ji Malam Yusufu. "Baki dai, baki. Kawo min tabarma."

Aka shimfiɗa masa a bakin rumfa. Shatu ta fito da Jidda a kafaɗarta, ta zaunar da ita, ta rufe mata ƙafafu da zane. Malam Yusufu ya yi alwala ya fara karatu a hankali, ba tsawa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe rabin tsakar gida. Iska ta tsaya. Firizar, da wayarta a naɗe a kan murfi, ta fara gurnani, raɓa ta keto a jikinta tana gangarowa. Jidda ta sandare, kanta ya koma baya, sannan ya dawo gaba sannu-sannu, bakinta ya karkace.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, an riga an ƙona min ɗa."

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Wa nike magana da shi?"

"Kubura."

"Musulma ta ke?"

"Tun kakanka bai san alƙibla ba."

"To, Kubura, musulma ba ta shiga gidan mutane ba sallama, balle jikin ɗiyarsu."

Wata dariya ta fito daga ƙirjin yarinyar, marar daɗi, har Shatu ta toshe kunne. Muryar ta ce ita ba ta shigo gidan kowa ba, a amalanke aka turo ta. Ta ce a ƙauyensu tare suke zaune da mutane tun da can, ba mai taka wani. Da mutanen suka gudu, ɗakuna suka rushe, rufi ya zube, ba abin da ya rage mai inuwa da murfi sai wannan akwati da wata mai sayar da ruwan sanyi ta kasa ɗauka. A ciki ta haihu. A ciki ta yi wa ɗanta shimfiɗar ganye. Sai ga wasu sun zo sun kinkime ta da ita da jinjirin, ba wanda ya ce ko akwai mai gida.

"Ina ji wanga mutum yad daki ɗakina yac ce ya saye ni. Gaban shaidu. To, na zama tashi. Niy yi shiru, nir roƙi kusurwa guda, ita ma yas sa anka cika ta da ƙanƙara. Ɗana shina makyarkyata, sai ga tahwasasshen ruwa, ba ko bismilla da za ta sa in janye shi. Hwatar hannunshi ta saɓule, tsoho. Shi ya saye ni da ɗana, ni kau na riƙe ɗiyatai. Ciniki ya hwaɗa."

Malami ya buɗe baki, Malam Yusufu ya ɗaga masa hannu.

"An cuce ki, ban musa ba. Yarinyar ga kuskure tay yi, tsoron uba ya sa ta mantuwa, ina ba ki haƙuri a madadinta. Mi kike so ki hita?"

"Gidan mahauci na. A yanka min baƙin bunsuru bisa murhin nan, jini shi gangara ciki."

"Ba a yanka ma kowa sai Allah. Wanga ko kin shekara ba ki samu."

"To, ina nan. Sayayya ta ni, ina gidan ubangijina."

Jikin Jidda ya fara karkarwa, leɓɓanta suka yi fari fat, numfashinta ya koma sama-sama. Shatu ta fashe da kuka. Malam Yusufu bai ƙara ko aya ɗaya ba. Ya gyara zama irin na zaure, ya dubi yarinyar kamar ɗalibin da ya kawo karatu da gyara.

"Kubura, in tambaye ki. Baiwar wane gida ta ke kahin Malami shi saye ki? Wa ab ubangijinki na hwari?"

Gurnanin firizar ya tsaya cak. Idanun Jidda suka buɗe gaba ɗaya, wani curin ƙanƙara ya faɗo daga sama ya tarwatse a gaban tabarma.

"Baiwa? Ni? Ni ɗiya ta, ɗiyar ɗiya! Ba a taɓa ɗaura ma zuriyarmu igiya ba!"

"Madalla. Da bakinki kih hwaɗa. Ɗiya ba ta sayuwa, Kubura, ko a shari'armu ko a taku. Wanda yas sayar bai mallake ki ba, wanda yas saya bai sayi komi ba. Ciniki ɓatacce na tun tushe. Ke ba tashi ba ta, ɗiyatai kau ba taki ba ta. Ko ki zauna baiwa, ko ki hita ɗiya. Zaɓi."

Daga nesa ana jin masu motocin kasuwa suna kiran Jangebe, Jangebe. Rana ta kusa taɓa kan katanga. Da muryar ta dawo ta rage ƙarfi, amma dafinta yana nan, kuma a kan Malami ta juya shi.

"Ka iya magana, tsoho. To, in ciniki ɓatacce na, wanda yaɗ ɗaura shi kwance. Da bakinai, inda yaɗ ɗaura, gaban waɗanda sunka yi dariya. Shi tura ni da hannunai shi maishe ni ga wanda yas sa anka ɗauko ni, shi ce ya hwasa. Kahin rana ta hwaɗi. In ta hwaɗi bai ce ba, da ni da yarinyar ga tare za mu kwana cikin sanyi."

"Da sharaɗin ba ki cutar kowa can," in ji Malam.

"Hanyar gida kaɗai za ni tambayar shi. Kullum, har shi tuna."

Duk suka juya ga Malami. Yana tsaye, gumi yana bin gemunsa. Ranar kasuwa ce. Duk wani mahauci da dillalin shanu daga Bakura har Maradun yana bakin kasuwa a wannan lokaci. Ya dubi firizar, ya dubi ƙofa, ya ce ko za a aika wani, ko a bari sai gobe da sassafe kafin mutane su taru. Wallahi haka ya ce, 'yarsa tana mutuwa a gabansa.

Shatu ta share hawayenta. Ba ta yi ihu ba.

"Maigida, in anka ɗauki gawarta gobe, sai ka tsaya bakin kabari ka gaya musu kai Magana-ɗaya na."

A daidai nan aljanar ta ɗan saki yarinyar, ko don mugunta ko don tausayi, Allah ne masani. Fuskar Jidda ta dawo tata, ƙarama, a gajiye. Ta nemi ubanta da ido.

"Baba, sanyi nike ji."

Malami ya fita da gudu ya jawo amalanken maƙwabcin nan da suka yi faɗa, bai ko tsaya neman izini ba. Shi da Malam Yusufu da Shatu suka tattaru suka ɗora firizar, wadda ta yi nauyi kamar an cika ta da dutse. Ya kama hannun amalanke ya tura. Dattijo mai furfura, wanda yara suke rige-rigen ɗaukar masa buhu, ga shi yana nishi a tsakiyar titi, rigarsa ta jiƙe, takalminsa ɗaya ya tsinke ya bar shi a hanya. Ya ratsa 'yan tumatir, ya ratsa 'yan hatsi, ya ratsa layin mahauta inda kowa ya ajiye wuƙa ya bi shi da kallo. Kafin ya kai shagon Imrana, jama'a sun yi masa jela.

Ya tsayar da amalanke. Rana ta rage kamar bakin faranti a bayan rumfuna.

"Imrana, ga hirizarka. Na hwasa."

Imrana ya kama kunne da yatsa. "Ban ji ba, Baba. Hayaniya ta yi yawa."

"Na hwasa!" Muryar Malami ta fashe, har 'yan kara suka ji. "Ni Malami, na hwasa cinikin ga!"

Aka yi sowa, wasu har da tafi. Imrana ya bari ta lafa, sannan ya nuna allon da ke saman shagonsa ya ce kowa ya san dokarsa, kayan da ya fita ba ya dawowa, ko sisi ba ya mayarwa. Malami ya ce bai zo karɓar komai ba, ya riƙe duka, shi dai ya amshi abinsa. Idon Imrana ya yi ƙyalli. Ga kuɗi ga kaya, yau ya yi kwanan sa'a.

"A haka? To, na amsa!"

"Da abin da ke cikinta," in ji Malami a hankali.

"Da abin da ke cikinta, Baba!" Imrana ya daki murfin yana ƙyaƙyata dariya.

A can gida, in ji Shatu, a daidai wannan lokaci Jidda ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake, ta sake, sannan ta sulale a jikin uwarta, gumi ya karyo mata tun daga goshi. Ta ture bargon da ƙafa ta ce zafi ya dame ta. Malam Yusufu ya shafa addu'a, ya naɗe tabarma, ya ce a ba ta kunu, kuma daga yau ko ruwan wanke hannu za a zubar a gidan nan a yi bismilla. Ladan ya kira salla, ba abin da ya faɗo a kan kwano.

A bakin kasuwa kuwa dariyar Imrana ba ta kai ƙarshe ba. Hannunsa yana kan murfin lokacin da firizar ta fara gurnani, wayarta a naɗe, ƙasa-ƙasa, tana hawa tana sauka. 'Yan benci suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da salla. An ce bai daɗe ba ya rufe shagon, aka riƙa ganinsa a tashar Maradun yana tambayar direbobi ko akwai mai shiga bayan Gidan Goga da kaya. Ba wanda ya yarda. Ni dai ban ji tausayinsa ba.

Malami ya dawo gida da takalmi ɗaya. Ya iske Jidda zaune a kan turmi, kofin kunu a hannunta, ƙurajen sun fara bushewa. Ya tsaya a kanta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba, ina ɗayan?" Ya yi dariya, dariyar ta juye masa kuka, ya shige ɗaki.

Sunansa na da bai sake dawowa ba. Mutanen kasuwa ba sa yafe irin wannan, kuma ba su yafe ba. Ya koma karyar da kwantan nama da yamma kamar kowane ƙaramin mahauci, dillalan da suke rawar jiki a gabansa suka koma yi masa ciniki da gatse. Wata Talata Jidda ta kawo masa abinci a teburinsa, ta warke har kumatu sun dawo. Tana ajiye kwanon, wani matashin mahauci ya ɗaga murya daga can ƙarshen layi, don a yi dariya.

"Na-hwasa! Kai, Baba Na-hwasa!"

Layin ya yi shiru, ana jiran wuƙa ta tashi. Jidda ta sunkuyar da kai. Malami ya dubi hannunta na dama, inda tabon ya bar ɗan fari-fari a wuyan hannu, ya buɗe kwanon, ya yi bismilla. Sannan ya ɗaga kai ya amsa da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

"Na'am."